Bayan Marka a Takardar Siminti

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da zane a firamare, daga Anka zuwa Bukkuyum, na ƙare a Gummi. Ban taɓa jin an ce wani ya fi ni ba sai da Junaidu mai wankin hula ya kafa rumfa a bakin kasuwa.

Ni a makarantar mishan na koya, lokacin mahaifina yana aikin jirgin ƙasa a Gusau. Fadan cocin da ya koyar da mu zane yana da ƙa'ida: tsawon mutum kansa bakwai da rabi ne, idanu a tsakiyar kai suke, kuma ba a ɗora fensir sai an auna. Har yau ina jin ƙamshin akwatin fensirorinsa. Da wannan ƙa'ida na zana mutane a allo har na yi ritaya, kuma ana kirana Malam Haladu mai zane.

Junaidu daga aji uku ya bar makaranta. Ɗan Nasarawa Burkullu ne. Ya yi niƙan dutsen zinariya a Bagega, ya baro lokacin da gubar dalma ta riƙa ɗauke yara, ya zo nan ya koyi wankin hula. Yanzu yana da shekara kamar arba'in, da mata da 'ya'ya huɗu. Sana'arsa ta jira ce. In ya wanke huluna ya sa musu sitaci ya jera su a rana, ba shi da abin yi sai sun bushe. A wannan jiran yake zane, da biro, a kan takardar buhun siminti da yake yankawa da reza. Wani mutumin Gusau mai haɗa finafinan katun na waya yana zuwa wata-wata ya zaɓi waɗanda za su zama mutanen labarinsa.

Ba ya zana fuska. Ya taɓa zana fuskar wani mai sayen zinariya a kasuwar Anka, aka ce ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne yana nuna musu masu hali, aka tsare shi tun hantsi har la'asar kafin wani ya tsaya masa. Tun daga ranar sai mutum ya juya baya yake ɗaga biro. Kafaɗa, ƙeya, yadda riga ta zauna, yadda ƙafa ta taka. Layi goma, wani lokaci bakwai.

Ranar da na fara kai masa hulata na tarar da 'yan acaɓa sun yi cincirindo a rumfar. Yana ɗaga takarda suna ihu.

“Zayyad mahauci! Wallahi shi na! Ku dubi ɗuwawu kamar an rataye buhu!”

“Wagga kau 'yar Fulanin nan ta, mai nono ta gindin tsamiya.”

Na karɓa na duba. Na ciro jan birona, wanda ba na rabuwa da shi, na ce masa hannun mahaucin ya wuce gwiwa, kuma kansa biyar ne kacal.

“To, Baba Malam,” in ji shi. “Ni ban san ana ƙidaya ba. Haka dai nig gane shi.”

Bai ji haushi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na koma gida na kwana biyu ina zana Zayyad, da fuskarsa, da ma'auni, da inuwa. Na kawo rumfar na ajiye ban faɗi wanda na zana ba. Aka yi ta yabawa. Wani ɗan acaɓa ya juya takardar dama ya juya ta hagu, ya ce, “Kai, ya yi kyau, Malam. Wane na?”

Zayyad kansa yana tsaye a wurin.

Daga nan na mai da rumfar wurin zamana ranar kasuwa. Cewa nake gyara nake masa. Gaskiyar ita ce kuskure nake nema, kuma kullum ina samu, kuma kuskuren bai taɓa hana a gane mutum ba.

Matata Marka ta rasu shekara biyu kafin wannan. Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ba ta yarda da hoto. Wanda ya rage guda ne, na katin zaɓe, ta ƙame a ciki kamar an tsare ta da bindiga. Sau goma sha huɗu na zauna na zana ta. Kowane na nuna wa 'yarmu Dija sai ta ce, “Baba, ka yi ƙoƙari, amma ba Inna ba ce.”

Wata ranar kasuwa, bayan azahar, ina bincika tsofaffin takardun Junaidu da ya ware a cikin leda, sai na gan ta. Wata tsohuwa ce a gaban mai daddawa, ta ba da baya. Kafaɗar hagu ta sauka. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗora tafin ɗayar a kan ƙwaurinta tana susa, takalmin da ta zare yana ƙasa a karkace. Haka Marka take tsayawa in tana ciniki kuma ba ta da niyyar saye. Shekara arba'in da ɗaya ina kallon wannan tsayuwa, ban taɓa tunanin abin zanawa ba ce.

“Wannan fa?” na ce.

“Wata dattijuwa ta, ta daɗe ba ta zo ba. Ban san gidansu ba. Mutumin Gusau ya gane ta yac ce ita za ta zama tsohuwa mai masifa cikin katun ɗinai. Kasuwa mai zuwa zai amshi ledar duka.”

Abin da ya kamata in faɗa gajere ne. Amma in na ce matata ce, na gane ta ke nan daga layi tara na mai wankin hula, a gaban 'yan acaɓa, ni da na kasa sau goma sha huɗu. Sai na ciro jan biro na ja layi a kan ƙafar da ta tsaya a kai.

“Ta cika tsawo,” na ce, na mayar cikin leda.

Mako guda na yi ina ƙoƙarin sake ta da kaina. Na san tsayuwar yanzu, na ce ai sauran aiki nawa ne. Na auna, na zana, na goge. Duk wadda ta fito mace ce mai ƙafa ɗaya, daidai da ƙa'ida, ba kowa ba. Ga shi kuma ina tuna za a sa mata muryar wani ƙato mai ƙanƙance murya, ta riƙa zage-zage a wayoyin yara.

Ranar kasuwa na riga kowa zuwa. Yana jiƙa sitaci.

“Baba Malam, yau da sassahe? Ba hula?”

“Tsohuwar nan mai daddawa,” na ce. “Uwar Dija ce. Ta rasu.”

Ya ajiye kwanon. Ya yi mata addu'a, ya goge hannu a wando, ya zaro takardar ya miƙo mini da hannu biyu.

“Don Allah a gafarce ni, Baba. Da na sani ko nuna ta ban yi. Mutumin Gusau ya nemi wata.” Ya nuna jan layin. “Ƙafar da kac ce, in gyara ta?”

“Bar ta,” na ce.

Na kai takardar gida na manna a bango. Dija na shigowa ta hango ta, tun daga bakin ƙofa ta ce, “Inna!” ta zauna a ƙasa.

Na auna zanen da rula, don ba zan iya hana kaina ba. Kai shida ne da ɗan kaɗan. Ƙafar kuwa ta fi tsawo da gaske, ban yi ƙarya ba. Jan layina yana nan a kanta, biro ba ya goguwa.

Nawa goma sha huɗun suna cikin akwati. Ranar kasuwa ina zama a ƙarshen bencin Junaidu da takardar siminti da ya yanka mini, ina jiran mutane su juya baya. Rular a gida nake barinta. Wata biyar ke nan, 'yan acaɓa ba su kira sunan kowa a nawa ba tukuna. Shi kuwa jiya, yana magana da mai hula, ko kallon takardar ba ya yi sosai, ya zana liman da layi shida.