Hannun da Dogo Ya Gani

Ranar wata Laraba ce, bayan La'asar, ina tsaye a bakin Corniche, titin gaɓar teku a Doha, ina jiran motar da za ta mayar da ni wurin aiki, saƙo ya shigo wayata. 'Yar Dogo ce ta turo. Ta ce mahaifinta ya rasu a ƙasar Girka, zuciyarsa ce ta tsaya, kuma a cikin wayarsa ta ga lambata. Na karanta, na sake karantawa. Motar ta zo ta wuce ban shiga ba.

Dogo muke kiransa, domin sunansa ya fi ƙarfin bakinmu. A saman gidanmu yake zaune a unguwar Al-Sadd, lokacin Baba yana aikin jinya a wani asibiti, ni kuma ina firamare. Aikina a gidan shi ne sayo burodi a shagon ƙasa, da hawa da gorar ruwa, da kwaso shanya daga rufin bene kafin rana ta ƙona ta. Da yamma mu yaran gidan, 'yan Sudan da 'yan Indiya da ni, mukan buga ƙwallo a tsakanin motocin da aka ajiye, mai gadi yana korarmu muna dawowa. A nan muke ganin Dogo ya sauko, sai ya sunkuya kafin ya fita ƙofa, gwiwarsa ɗaure da bandeji. A ƙasar Sabiya aka haife shi. Yana matashi wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta ɗauke shi zuwa Girka, ya samu takardun ƙasar, har da sabon suna. Ya yi shekaru yana wasa a can, ana cika fili dominsa. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, sai ya zo Doha ya ƙarasa abin da ya rage.

Ni bahago aka haife ni. A gidanmu ba a ci da hagu, ba a karɓa da hagu, ba a miƙa wa babba abu da hagu. Inna ba ta da zafi, amma bayan ludayinta ya san yatsuna. "Bashir, ɗaya hannun," haka take cewa, ko kallona ba ta yi. Kafin in shiga aji huɗu na koma rubutu da dama, cin abinci da dama, har ni kaina na manta.

Dogo ne ya tono hagun nan. Ya kafa kwando a bangon da ke bayan benenmu, wata rana ina wucewa da ledar burodi ya jefo mini ƙwallo ba shiri. Na cafe da hagu, na yi maza na mayar da shi dama. Ya tsaya yana dubana, sannan ya ɗaga nasa hannun hagun, mai faɗi kamar faifai, ya yi dariya. Shi ma bahago ne, kuma da wannan hannun ya ci abinci duk rayuwarsa ta wasa. Daga ranar, kullum bayan makaranta muna bayan benen, shi zaune a kan kujerar roba da ƙanƙara a gwiwa, ni ina jifa har rigata ta jiƙe. Kalmar Hausa ɗaya ya koya, da ita yake yi mini tsawa: "Yalla, hagu!" Ya taɓa ce mini a Sabiya Bagirke suke kiransa, a Girka kuma ɗan Sabiya. "Hannun nan ne kaɗai ba su canja masa takarda ba," in ji shi.

Shi ya nema mini gwaji a ƙungiyar yara ta kulob ɗinsu. Idan aka ɗauke ni, zan riƙa samun horo na gaske, ba a bayan bene ba. Baba ya ɗauki hutun rabin yini, ya sa kaftani da hula, ya zauna a layin gaba. Mai horarwar dattijo ne mai furfura. Ya jefo mini ƙwallo, ya buɗe hannu yana jiran in mayar masa. Dattijo a gabana, Baba a bayana. Ban yanke shawarar komai ba, hannun dama ne kawai ya miƙe da kansa. Haka na yi gwajin gaba ɗaya da dama, ƙwallo yana dukan ƙarfe yana dawowa, Dogo yana ihun "hagu" daga gefe har muryarsa ta dushe. Ba a kira sunana ba. A mota Baba ya dafa kaina ya ce, "Ka yi ƙoƙari, kuma ka yi ladabi." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Bai san akwai wani hannun ba.

Dogo bai yi faɗa ba. Ya ce baɗi za mu koma, amma kafin nan sai na jefa da hagu a gaban Baba, ko sau ɗaya ne. Baɗin bai same shi a Doha ba. Gwiwar ta ƙi, kulob bai sabunta masa kwantiragi ba, ya bar mini ƙwallonsa ya tafi. Duk sallah yakan turo gaisuwa, ya rufe da tambaya ɗaya, ko na jefa da hagu a gaban Baba, ni kuma in ce masa saura kaɗan.

Yanzu an gina bene a inda kwandon yake, yaran unguwar ma a ɗaki suke wasa. 'Yata ƙarama bahaguwa ce, ban taɓa buge mata hannu ba, amma idan za ta miƙa wa kakanta ruwa nakan kafa wa hannunta ido. Baba ya tsufa, yana zaune tare da mu. Ƙwallon yana kan durowa, iskarsa ta fita. Har yau ban jefa shi da hagu a gaban Baba ba.