Kurman da Ke Jin Inji da Haƙori

Shekara goma sha tara Malam Labaran ya yi yana tsaron injin janyo ruwa a wani ramin kuza da ke bayan Bukuru, ƙara tana cin kunnuwansa kaɗan-kaɗan. Ranar da aka busa jiniyar tashi daga aiki ya ci gaba da shafa giris shi kaɗai, ranar aka sallame shi. Sai ya kinkimi akwatin sifanunsa ya kafa gareji a gindin wata bishiyar turare a bakin hanyar Jos. Mutane suka sha dariya, wai kurma zai gyara inji. Masu dariyar nan su ne daga baya suka riƙa turo motocinsu, ko kunya babu.

Musiliu direba ya same shi a damina ta 1955, hankalinsa a tashe. Uwar ɗakinsa Iya Nimota, mai sayar da atamfa a kasuwar Jos, ta sayi wata tsohuwar mota a Ikko, shi ya tuƙo ta. Can a bakin teku lafiya lau take tafiya. Tana hawowa kan dutse ta kama tari da karkarwa, tana fitar da baƙin hayaƙi, ƙaramin tudu ma sai da nishi. Bakanike na farko ya canza fulogi, na biyu ya wanke kafireta, abin da ke haɗa mai da iska, da ya rasa ta cewa sai ya ce an gauraya fetur da kananzir. Iya Nimota ta yarda. Ta ce Musiliu ne ke sayar da manta yana cike gurbin. Direban da aka kira ɓarawon mai a garin nan kuwa ba zai ƙara riƙe makullin kowa ba. Zargin nan ya sa da zai kai motar wajen Malam Labaran ta shige gidan baya ta zauna, ta ce ƙafarta ƙafar motar.

Musiliu ya fara bayani, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya ɗebi fetur daga tanki, ya ɗiga a kan farar takarda, ya danne ta da dutse. Sannan ya sa aka tayar da inji, ya ɗauko wani siririn sanda da ya sha cizo, ya dafa bakinsa a jikin injin, ɗaya bakin ya cije da haƙora, ya lumshe ido. Musiliu yana kallon ƙashin muƙamuƙinsa yana rawa. Ya matsar da sandan gaba, ya matsar baya, har ya tsaya a wuri guda yana gyaɗa kai kamar mai sauraren ƙarar da aka kawo masa. Musiliu bai taɓa ganin an ji abu ba da kunne ba.

Da aka kashe injin, Malam Labaran ya kwance fulogi na farko, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya zura tsinke a ramin, ya sa Musiliu juya injin da hannu a hankali har fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, ya turo tsinken ƙoli. Ya buɗe murfin distiributa, abin da ke raba wa fulogai wuta, ya saƙala takardar naɗa taba tsakanin 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa su saki tartsatsi. Ya riƙa murɗa distiributar yana jan takardar da yatsu biyu. Tana zamewa ya tsaya, ya ƙara murɗawa kamar kaurin farce, ya ɗaure. Ya rage wa kafireta mai.

Da murya mai ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Don iskar bakin teku aka saita ta. Nan sama muke, iska ba ta da kauri. Wuta tana makara, mai ya yi mata yawa."

Bugu ɗaya motar ta tashi. Ya ɗora kofin ruwa a kan injin, ruwan ko motsin kirki bai yi ba. Musiliu ya sunkuya yana kallon kofin.

Ba wanda ya faɗa wa tsohon zancen kananzir. Amma ya ɗage dutsen, ya kai wa Iya Nimota takardar ta taga. Ta bushe fes, babu tabon maiƙo ko ɗaya.

"Iya, da akwai kananzir da ya bar shaida. Direbanki bai ci amanarki ba. Shi ne na huɗu da ya zo mini da irin wannan fuskar bana."

Iya Nimota ta daɗe tana juya takardar. Daga nan ta ninke ta, ta ƙulle a bakin zane, ta ce gobe a kasuwa za ta nuna wa duk wanda ta gaya wa maganar. Ta dubi Musiliu ta ce, "Ɗana, kai mu gida."

Ya shiga ya kama sitiyari, amma sai da ya share idanunsa kafin ya iya ganin hanya.