Takardar da ke cikin rigar wayar Baba Haruna

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar nan ba. Ana dab da kiran sallar azahar ina share teburina, na ɗauko wata tsohuwar rigar waya zan jefa a kwali, sai yatsana ya ji takarda manne a cikinta. Na juya ta na karanta. An rubuta da jan biro: “Don Allah kada a canza komai a fuskar wayar nan. Mai ita ba ya gani sosai, kuma yana da ciwon suga.” A ƙasa an sa lamba da suna, Saudatu. Ga shi mai wayar ya bar shagonmu fiye da awa biyu, ni kuwa babu abin da ban canza masa ba.

Madam Ngozi ce ta ce in rubuta wannan saboda ku sababbi, Maryam da Fa'iza. Sunana Bilkisu, kun sani, amma ba ku san ni a wancan lokacin ba. Watana bakwai ke nan a shagon, ban daɗe da gama sakandare ba. Shagonmu na Tudun Wada aiki biyu yake yi. Akwai kanta, inda Madam take sayar da caja, abin sauraro na kunne, rigunan waya da gilashin kariya. Akwai kuma tebur, wato wurina. A tebur ake manna gilashi, a sa wa mutum hoton bango, a jera masa manhajojinsa, a ɗauko masa shafin intanet ɗin da yake yawan shiga a ajiye shi a fuskar waya kamar manhaja. Ina son aikin nan har raina. 'Yan mata daga Kwangila suke zuwa su ce ni suke so in ƙawata musu waya, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura.

Wajen ƙarfe goma da rabi wani dattijo ya shigo da sanda, sanye da fararen kaya, yana lalubar bakin ƙofa. Ya ce sunansa Haruna, daga Dutsen Abba, gilashin wayarsa ne ya fashe. Madam ta ba shi kujera ta ce, “Baba, zauna, 'yarka za ta yi maka yanzu.” Na cire tsohuwar rigar na ajiye gefe ban ko kalli cikinta ba, na manna gilashi, na sa masa sabuwar riga.

Da na kunna wayar sai na ga abin da a lokacin na ɗauka muni ne. Bango baƙi ƙirin, sai manyan akwatuna huɗu kamar na littafin 'yan firamare: ja, kore, rawaya, shuɗi. Na ce a raina wani ne ya yi wa tsohon nan aikin banza.

Na ce, “Baba, in gyara maka ita ta yi kyau?”

Ya yi dariya ya ce, “Gyara mana, 'yata. Ni ma da za ki gyara ni ai ina so.”

Shi gogewa yake nufi. Ni kuwa na cire tsarin manyan akwatunan, na sa masa wani mai ƙananan alamomi masu ruwan zinare duk iri ɗaya, na sa hoton masallaci a bango. Ƙarar kiransa wata irin ƙararrawa ce mai tsage kunne, ita ma na canza ta da wata mai taushi. Ya karɓa, ya sa a aljihu, ya sa mini albarka. Ya ce zai tsaya a bakin masallacin layinmu ya kira mai keke-napep ɗin da yake ɗaukarsa. Ya fita ina jin daɗin kaina.

To, ga ni tsaye da takarda a hannu. Sai da na yi tunanin in cusa rigar a ƙasan kwali in yi shiru, Allah ya sani na yi wannan tunanin. Amma ƙafafuna suka kai ni kanta. Madam ta karanta, ta ɗago ta dube ni.

“Me kika taɓa?”

“Duka, Madam.”

“Kin ɗauki hoton fuskar kafin ki fara?”

Na girgiza kai. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini wayarta ta ce, “Ke za ki kira ta, da bakinki.”

Anti Saudatu ta ɗauka tun ƙara ta farko. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, kuma ita ce 'yar Baba. Kafin in gama bayani ta katse ni. Ta ce tun ƙarfe sha biyu take kiransa ba ya ɗauka, kuma bai koma gida ba. Ta ce a cikin akwatunan nan ja ita ce, kore mai kekensa ne, rawaya ce take tuna masa lokacin cin abinci, shuɗi karatun Alƙur'ani. Ba rubutu yake karantawa ba, launi da wuri yake bi. Ta ce, “Ya yi allurar suga da safe. In bai ci abinci ba sugansa zai faɗi, kin gane abin da nake faɗa miki? Mutum yana iya tafiya a haka.” Sannan muryarta ta canza. “Wallahi in wani abu ya sami mahaifina, sai na ga ƙarshen maganar nan da ke.”

Na kasa ajiye wayar, Madam ce ta zare ta daga hannuna. Ta ja ƙofar shago ta kulle da tsakar rana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta ɗauki lemon kwalba guda biyu ta ce, “Share hawayen nan, ido nake so ki yi amfani da shi.”

A bakin masallaci mutane suna alwala. Ladan ya ce ya ga dattijon ya daɗe a kan benci yana danna waya, har ya tambaye shi lafiya, ya ce masa sabis ne babu, zai ɗan taka gaba. Muka bi layi muna tambaya. Mai lemo ya nuna mana titi, mai wankin hula ya ce bai lura ba. Ina tafe ina kiran lambar Baba da Anti Saudatu ta turo, tana shiga, ba a ɗauka. Sai a nan na tuna da ƙarar da na canza. Ko tana kuka a aljihunsa, ba zai san tasa ba ce. Na faɗa wa Madam, ta ce, “To ki daina magana ki saurara. Ke kaɗai kika san ƙarar.”

Haka muka yi ta tafiya, ina kira ina kasa kunne cikin hayaniyar keke da acaɓa. Kusa da wani mai faci na ji ta, siririya, daga bayan tulin tayoyi. Baba yana zaune a gindin darbejiya ya jingina, hularsa a ƙasa, gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa yana rawa. Mai facin ya ce shi ya ɗauka hutawa yake yi. Na durƙusa na ce, “Baba! Baba Haruna!” Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, “Saudatu?” Madam ta kira Anti, Anti ta tambaya ko yana iya haɗiya, sannan ta ce a ba shi lemon kaɗan-kaɗan. Ni na riƙe kwalbar, rabin farko a rigarsa ya zube. Muka tari keke muka kai shi asibitin da Anti Saudatu take aiki.

Aka shiga da shi, aka bar mu a benci. Anti Saudatu ta wuce ta gabana sau uku ba ta dube ni ba. Na yi sallar azahar da la'asar a wani lungu, ban san abin da na karanta ba. A kan bencin nan Madam ta faɗa mini abin da yanzu ya zama dokar tebur. Ta ce wayar da ka ga ta yi muni, sau da yawa wani ne ya zauna ya tsara ta haka saboda mai ita. Shi ya sa kuke gani kullum ina duba cikin tsohuwar riga, ina ɗaukar hoton fuska kafin in taɓa, kuma ina tambayar mutum ya nuna mini da yatsansa yadda yake kira. Ina nan ina ƙawata waya, ina kuma jin daɗin aikina fiye da da, sai dai yanzu tambaya nake fara yi.

Bayan la'asar aka ce Baba yana kirana. Na shiga. Yana kishingiɗe da kwanon tuwo a gefe, ya miƙo mini wayar.

“Ke ce mai gyaran nan? To zo ki ɓata mini ita yadda take.”

Na ce, “Baba, ban ɗauki hotonta ba, ban tuna jerin ba.”

“Ni na tuna. Ja a sama ta dama, saboda ita ce mai faɗa. Kore a ƙarƙashinta.”

Yana faɗa ina jerawa, har na mayar masa da ƙararrawarsa. Ya rufe ido ya danna sama ta dama, wayar Anti Saudatu ta yi kuka a aljihunta tana tsaye a kanmu. Ta ciro ta kashe, ta dube ni. Agogon ɗakin yana nuna ƙarfe biyar saura kwata.

Ta ce, “Sugansa ya daidaita, yau ma zai kwana a gida. Da ba ki kira ni ba, da ba mu san inda za mu fara nema ba. Abin da na faɗa a waya ki bar shi a waya, ƙanwata, babu wanda zai taɓa ki. Tashi ki je ki ci abinci, ke ma fuskarki ba ta fi tasa kyau ba.”