Baba Shitu da Iyakar Gonarmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Mayu, 1965, tsawa ta faɗa wa Malam Shitu, masinjan kotun alƙali, a bakin gonarmu kusa da Gozaki, ya cika nan take. Ina gida hutun makaranta. Da hantsin ranar ni na kai masa ruwa a ƙwarya. Har yanzu na kasa yarda.

Baba Shitu, ban taɓa iya haɗa ido da kai ba, kuma ba ni da yawan magana. Abin da na ji a bakin rijiya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ana cewa wai tsawa ba ta samun mai gaskiya, wai ka karkata iyaka ka ba maƙwabcinmu Sada abin da ba nasa ba. Ni 'yar gidan da aka kayar ce a shari'ar, saboda haka ba wanda zai ce riba ce ta sa nake kare ka.

Shekara biyu mahaifina Ɗanasabe yana shari'a da Sada a kan kunyoyin gona goma sha biyu. Alƙali ya ba Sada gaskiya. Aikinka ne ka zo ka tabbatar da hukuncin a gona. An yanke shi tun audugarmu tana tsaye, amma ka roƙi alƙali a bar mu mu cire amfaninmu tukuna. Da damina ta faɗi ka zo a kan kekenka, takarda a cikin hula, ba ɗan doka ko ɗaya tare da kai.

Ka ce da babana, "Ɗanasabe, ba na so ka ji ta daga bakina. Kira 'yar bokon nan taka ta karanta maka." Na fara karantawa, murya ƙasa-ƙasa. Ka ce, "Ɗaga murya, Mairo, ai ba ke kika yanke ba." Har babana sai da ya yi murmushi.

Ka taka daga tsamiya zuwa suri, kamar yadda na karanta. Sada ya nemi a ƙara masa kunya ɗaya. Ka ce, "Takarda ta ce sha biyu. Ko haihuwa ta yi a hanya?" Ka fara dasa gamba a kan iyakar, ka kai rabi, hadari ya taso. Ka kore mu gida, kai ka fake a gindin tsamiyar don ka ƙarasa idan ruwa ya ɗauke. Ba mu kai ƙofar gida ba muka ji ƙarar.

Jiya babana ya ɗauki sauran gambar ya koma gona. Ya dasa ta a inda ka taka, bai matsa ko taki ɗaya ba. Masu wucewa suka ce, "Kai da aka kayar?" Ya ce, "Inda Shitu ya taka daidai ne. Mai wata magana ya zo ya same ni."

Allah ya jiƙanka, Baba Shitu, ya haskaka kabarinka, ya sa ka samu adalcin da ka yi mana da rahama a kansa. Inna Kulu, matar marigayi, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Ku fita cikin mutane ba tare da kunya ba. Ni na karanta takardar, kuma ina wurin.