Ranar da Na Hana a Goge Hotunan Bikin 'Yar Hajiya

Akwai wata Alhamis da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zan manta da ita. Ranar ce kwamfutata ta ƙi tashi, alhali hotunan bikin 'yar mutane suna cikinta.

Ni sai da na haura arba'in na fara riƙe fensir. A da, injin markaɗe nake yi a Farin Gada. Na shiga makarantar yaƙi da jahilci, na yi kwas na kwamfuta, na sayar da injin na sayi kwamfuta ta gwanjo, na kama ɗan shago ina buga katin biki da kalanda. A lokacin waya mai hoto ba ta yawaita a Jos ba. Mai ɗaukar hoto zai zo ya juye mini hotuna a kwamfuta, ya goge na kyamararsa don ya samu wurin ɗaukar wani bikin. Haka aka yi da na 'yar Hajiya, wata dillaliyar tumatir da muka saba tun ina markaɗe. Hotunan nan babu su ko'ina a duniya sai a wurina, kuma ranar Asabar amarya za ta zo daga Kuru ta karɓi albam ɗinta.

Matsalar, duk hoton da na buɗe sai kwamfutar ta tsaya tana nazari. Malaminmu ya taɓa ce mana maganin wannan shi ne katin girafik, wani ɗan allo mai haƙoran zinariya da ake sokawa cikin akwatin kwamfuta don hoto ya riƙa fitowa da sauri. Na je na sayo a shagon wani Oga, ɗan Ibo mai sayar da kayan kwamfuta. Ya ce in kawo ya saka mini, na ce da hannuna zan saka. Na kwance akwatin, na ɗauki katin da yatsu biyu kamar ƙwai, don haka aka koya mana, wai kayan kwamfuta ba sa son ƙarfi. Na ɗora shi a raminsa a hankali, na mayar da wayar monita jikinsa, na kunna.

Fanka ta juya. Kwamfutar ta yi tsuwwa doguwa sau ɗaya, gajeru sau uku. Allon monita baƙi ƙirin. Na kashe na kunna har sau biyar, ba abin da ya canza.

Na rungumi akwatin na hau acaɓa sai shagon Oga. Ko buɗewa bai yi ba ya ce, "Madam, wannan kwamfuta ya tsufa. Sai fomat. Zan cire had dis, ma'ajiyar kwamfuta, in goge komai, in loda sabo."

Na ce, "Komai har da hotuna?"

"Haka muke yi wa kowa. Madam, kin fara karatu jiya, bar wa masu aikin."

Na dafa akwatin da hannu biyu. Na ce, "Oga, jiya na fara karatu, amma ba jiya na fara hankali ba. Da safe lafiya ƙalau take. Abu ɗaya na ƙara mata, kai kuma ko kallon abin ba ka yi ba. Ka kai sukudireba jikinta, yau kasuwar nan za ta ji muryata." Ya ɗaga hannu sama yana dariya, ya ce in ɗauki kayana. Yau idan na tuna, ba mugunta ce da shi ba. A wancan zamani fomat ce allurar kowace cuta a wurin masu gyara.

Na dawo na tarar da Hajiya zaune a bencin shagona. Na ajiye akwatin na buɗe, ta dubi cikinsa, ta dube ni, ta ce, "'Yar uwa, hanjin wa nake gani haka? Kar ki ce mini 'yata tana ciki."

Na ce, "Tana ciki, Hajiya, kuma za ta fito. Zauna ki yi mini addu'a, amma ki yi ta a zuci."

Na tambayi kaina, me na taɓa ƙarshe? Kati. Na zare shi, na mayar da wayar monita tsohon wurinta, na kunna. Allo ya kawo haske, ga amarya da lallenta tana murmushi. Hajiya ta saki guɗa har masu lodin mota suka leƙo. Ban saurare ta ba sai da na kwafe hotunan kaf a faifan sidi biyu, na damƙa mata ɗaya na ce ta sa a jaka.

Ta ce, "To ki mayar wa mutumin nan da tsiyarsa mana."

Na ce ba inda zan mayar sai na san laifin wane ne. Na ciro 'yar takardar da ke cikin kwalin katin, na bi ta da yatsa ina karantawa da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda na saba. Turancin ya sha ni, amma akwai zane. A zanen, haƙoran zinariyar nan sun nutse gaba ɗaya cikin ramin. Ni kuwa ɗazu ina kallon rabinsu a waje na rufe akwatin. Ashe lallaɓawa ce ta kashe ni. Ni da na shekara ashirin ina ɗaure bel ɗin inji, na ji tsoron danna ɗan allon da bai kai tafin hannuna ba.

Na cire wayar wuta, na daidaita katin, na sa manyan yatsuna biyu na danna har na ji ƙas, na mayar da wayar monita jikinsa. Na kunna. Tsuwwa ɗaya gajeriya, allo ya tashi. Na sa faifan da ya zo da katin, na bi abin da ya ce, sai ga hotuna suna buɗewa kafin in ɗage yatsa. Ranar Asabar amarya ta zauna a bencin nan tana buɗe albam tana share hawaye.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan abu ya lalace a hannunka, koma kan abin da ka taɓa ƙarshe kafin ka yarda a rushe komai. Amanar mutane kuwa, duk iya Turancin mai gyara, kar ka bari a goge ta kana tsaye.