Gangar Baba Bayan An Wanke Ta

Mahaifinmu makaɗin noma ne a Karakkai. In an kira gayya, shi ke rataya ganga ya bi bayan manoma kunya-kunya, yana kiɗa yana yi musu kirari, su kuma suna kai sara. Duk rayuwarsa sau ɗaya aka taɓa ɗaukar sa a kaset. Wani ɗan'uwanmu ne da ya dawo daga ci-rani da rikoda ya ajiye ta a bakin gona ya danna. Bayan rasuwar Baba, kaset ɗin nan ne kaɗai abin da ya rage mana na muryarsa, kuma yana hannun Inna.

Ta saurare shi har ya gaji. Zaren ya saki, ya tsinke an liƙe da jan farce, ya sake tsinkewa an sake liƙewa. Gangar ta koma ja kamar tsohon jaki, ga wani "shuuu" da ba ya yankewa. Kowa ya san kwanansa ya kusa ƙarewa, babu dai mai iya faɗa mata.

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyarwa a wata firamare a Tsafe. Zuwa gida wahala ce: in sauka Gusau, in jira motar Bungudu ta cika, in ƙarasa a babur ƙugu na ciwo. A wajen jiran nan na san wani mai sayar da kaset a Sabon Gari da ya kawo kwamfuta da faifan nan mai ƙyalli da ake kira sidi. In ya kunna, masu wucewa tsayawa suke yi, don sauti ne fes, babu ko ƙura. Ya ce min duk tsohon kaset yana iya juye shi a faifai, ya wanke shi, kuma faifai ba ya tsufa.

Na sha fama kafin Inna ta yarda. Daga ƙarshe ta naɗe shi a ɗankwali ta miƙo min tana kallon wani gefe.

Mai shagon ya sa abin ji a kunne, ya yamutsa fuska. "Malam, wannan ai hayaniya ce zalla," in ji shi. Ya bar shi ya yi ta juyawa har ya kusa ƙarshe, sai injin ya cafke zaren ya tauna. Muka zaro shi a cukurkuɗe, gutsi-gutsi. Na shiga tattara gutsattsarin ina salati. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce in kwantar da hankali, komai ya riga ya shiga kwamfuta.

Da na dawo karɓa, ya kunna min a manyan sifikunsa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ganga ta fito tsaf, kowane bugu da kansa. Har kalmomin kirarin da ban taɓa ganewa ba na ji su rangaɗau. Mutanen shagon suka yi ta yaba aiki. Ya ba ni faifan, ya kuma juye min a sabon kaset, tunda a Karakkai babu mai injin faifai.

Na isa gida da la'asar, na kunna wa Inna a tsakar gida. Ta karkata kai tana ji. Ba ta daɗe ba ta ɗago.

"Wanga wa yake wa kiɗa?"

Na ce, "Inna, Baba ne fa. An cire ƙarar ne kawai."

"Na san hannunshi. Ina mutanen?"

Sai a lokacin na fahimci abin da aka wanke. Saran hauyoyi da ke faɗuwa tare da kowane bugu, numfashin maza, ihun wanda aka kira sunan kakansa, guɗar mata masu kawo fura, duk babu. Inna ta ce ba manoma kaɗai ke bin ganga ba, ita ma gangar bin su take: in sara ya yi nauyi Baba ya sassauta, in ya ji sun farfaɗo ya matsa. Yanzu ga shi yana sassautawa yana matsawa ba dalili, kamar mai zance shi kaɗai. "Babanku bai taɓa kiɗa cikin ɗaki ba," in ji ta. "Ku kun kulle shi."

Na koma Gusau ran kasuwa, na roƙi mai shagon ya ba ni na farkon da ya shiga kwamfuta, wanda ba a wanke ba. Ya dube ni kamar na zautu. Ya ce ya goge, cikin kwamfuta ba wuri, kuma wa zai ajiye datti bayan wanki? Na so in yi masa faɗa, amma faɗan me? Aikin da na sa shi ya yi, kuma a kunnensa ya yi kyau. Na fito na zauna a tasha, ko ƙarfin yin fushi ba ni da shi.

Da damina ta kama na zo hutu, na tarar Inna ba ta gida. Aka ce tana gona. Na same ta a gindin kanya da rikoda a cinya, ta ƙure mata murya, ƙannena biyu suna noma a gabanta. Ashe so take ta mayar wa gangar mutanenta. Yaran kuwa ba su taso da gayya ba, kowa sara yake yadda ya ga dama, ɗaya ma ya tsaya yana gyara ƙota. Baba na matsa kiɗa, babu mai amsa masa.

Ta saurara har kaset ya kai rabi, sannan ta sa yatsa ta kashe. Ta miƙo min rikodar, ta ce in kai gida, kada rana ta lalata batir.