Hauyar Inna Hajo

Har yau ban manta da bazarar da na share saurar mijina a Kalmalo ba. A lokacin ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi, Nasara bai zo ba. Ku matso, jikokina, ku da kuka fara riƙon kalme.

Malam ya rasu ya bar ni da ɗiya uku da gona guda. Damina biyu ban taɓa ta ba, domin bayana ya riƙe tun haihuwar autana. Gona ta koma saura: sabara, geza, ƙarangiya har gwiwa. A ƙa'idar garinmu, gonar da aka bari, mai gari yana ba wanda zai noma. Wakilinsa ya zo ya ce, "Gwaggo, in ruwan shuka ya sauka ba ki share ba, sai haƙuri."

Ba ni da hatsin da zan ciyar da 'yan gayya. Na ɗaure ƙugu da tsohon zane, na ɗauki kalme. Kun san shi, gajere ne, sai an duƙa. Kwana uku ina sara, a na huɗu na duƙa na kasa miƙewa. Nan Inna Hajo ta iske ni, wata tsohuwa Ba'adariya mai sayar da gishiri.

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

Na ce baya ne. Ta kama ni ta kai ni inuwa. Washegari ta kawo mini hauyarsu ta Adar, mai ƙotar da ta fi ni tsawo, wadda ake turawa a tsaye, tana yanke saiwa ta ƙarƙashin rairayi. Na ce a'a. Mu a nan dariya muke yi wa masu ita, muna cewa noman raggaye.

Ta ce, "To duƙa ki mutu, su yabe ki a makabarta."

Na karɓa. Ciyawa in ture ta a tsaye, sabara in zauna ƙasa in sare da gatari. Hantsi ya yi, in kwanta rigingine kan yashi mai ɗumi, ita tana danna mini ƙugu da tafin hannu. Matan da ke zuwa tafki suna yi mini ba'a, suna kira, "Sannu, Ba'adariya!"

Ranar da hadari ya fara haɗuwa, wakili ya zo. Kusurwa ɗaya ta rage. Ya zagaya, ya tona ƙasa da yatsa, ya dubi hauyar, ya dube ni. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "Ba ni gatarin, Gwaggo." Shi ya ƙarasa.

Geron gonar nan ya raini iyayenku. Abin da na koya ke nan a noma: in kuka ga mutum yana aiki ba yadda aka saba ba, kafin ku yi dariya, ku tambaye shi inda ke masa ciwo.